Ina son koyon surfanin Japan, ta ina zan fara?

Maman 'Yan Biyu:

Assalamu alaikum. Don Allah masu sanin harkar zare da allura ku ba ni shawara.

Ni malamar firamare ce a Zariya. Tun ina budurwa nake taɓa surfani, irin na zanin gado da rigar filo, idan an yi dogon hutu kuma in karɓi hula in ɗinka. Ba sana'a na mayar da shi ba, abin da ke sauke mini gajiya ne bayan la'asar. To kwanakin baya 'yata ta nuna mini bidiyon wata dattijuwa 'yar Japan tana ɗinka fure a jikin baƙin siliki. Wallahi ban taɓa ganin zare mai irin wannan sheƙin ba. Launi ɗaya ne fa, amma wani ganyen furen ya yi haske wani ya yi duhu, sai ka rantse zare kala uku ta sa. Hannun dama a sama, na hagu a ƙarƙashin yadin, allura na shiga tana fita, ko leƙa ƙasan ba ta yi.

Da na shiga bincike sai na ƙara rikicewa. Wani wurin in ga siliki da zaren zinariya, wani wurin in ga farin zare kawai a kan shuɗin yadi, duk ana ce musu na Japan. Abu ɗaya ne? Da wanne ya kamata in fara? Ana samun kayan aikin a nan ko sai an yi oda? Mutum zai iya koya daga bidiyo ba malami? Sannan ni ba na son ɗinka abu mai rai, na ga suna yawan sa tsuntsaye. Na gode.

Baƙuwar Hirosaki:

Wa alaikumus salam Anti. Tambayarki ta faɗo inda nake zaune. Maigidana yana karatu a jami'ar Hirosaki, can arewacin Japan a lardin Aomori, ni kuma zaman gida da dusar ƙanƙara suka tura ni ajin ɗinki na matan unguwa. Bari in faɗa miki abin da na sani.

Ba abu ɗaya ba ne. Wanda kika gani a bidiyon shi suke kira nihon shishu. Wannan aikin fada ne da masu kuɗi. Daga Sin ya shigo musu ta Koriya tare da addinin Buda a ƙarni na 6, kuma mafi tsufan abin da ya rage musu shi ne wani labule da aka ɗinka bayan rasuwar Yarima Shotoku a shekarar 622, mallakar wurin ibadar Chuguji da ke Nara. Daga baya ya koma kan kimono, rigarsu ta gargajiya, da ɗamarar da ake ɗaura mata, da kayan 'yan wasan gargajiya. Har yau Kiyoto da Kanazawa da Tokiyo kowa da salonsa. Tsabar almubazzarancin da ake yi da shi ne ma ya sa a 1683 gwamnatin Tokugawa ta hana matan gari sa tufa mai irin wannan ado.

Shi kuwa farin zare a kan shuɗi, sashiko ke nan, kuma talauci ne ya haife shi. A nan arewa auduga ba ta yi saboda sanyi. Manoma da masunta abin da suke da shi yadin asa ne, wani tsiro mai zare dangin rama a kama, saƙarsa sako-sako, iska na ratsawa. Sai mata suka riƙa haɗa yadi biyu ko uku suna bi da ɗinki layi-layi, don ya yi kauri ya riƙe ɗumi, inda ya yage kuma a yi maho a sake bi. 'Yan kwana-kwana na tsohon Tokiyo ma rigunansu haka ake ɗinke su tam, a jiƙa su sharkaf da ruwa kafin a tunkari gobara.

Wanda ni nake koya ɗan gidan sashiko ne, sunansa kogin, na wannan yankin na Tsugaru. A 1724 masu mulkin yankin suka kafa dokar tsimi da ta hana manoma sa tufar auduga. Sai matan suka riƙa cike ramukan yadin asa da zare, kafaɗa da ƙirji da baya, inda kaya ke goga. Ba a zana komai a jikin yadin. Ƙirga zaren saƙar ake yi: ki tsallake 1, ko 3, ko 5, ko 7, layi bayan layi, sai ki ga zane mai kusurwa huɗu yana fitowa da kansa. Maƙwabtansu na Nanbu, a gabashin lardin, su 2, 4, 6 suke ƙirgawa, shi ya sa nasu zanen ya fi faɗi a kwance. Yarinya tun tana ƙarama ake ba ta allura, kafin aurenta ta tara rigunan da za ta tafi da su gidan miji, a nan ake gane ko tana da hannu. Da jirgin ƙasa ya iso a shekarun 1890 auduga ta yi araha, sai aka watsar da shi, har sai da Yanagi Soetsu da mutanensa masu rajin aikin hannun talakawa suka ɗaga darajarsa a shekarun 1930.

Malamarmu tsohuwa ce, ba ta jin Turanci, ni kuma Japanancina na cefane ne. Idan na kawo mata aiki ba ta kallon fuskarsa, juya shi take yi ta duba baya. In ta ga zare ya ɗame a ƙarshen layi sai ta sa bakin allura ta ɗan zaro shi ta bar masa 'yar madauki, ta miƙo mini ba ta ce uffan ba.

Shawarata ki fara da sashiko. Kayan aikinsa allura ce doguwa, wajen santimita 5, mai faɗin ido, da zaren auduga mara ƙyalli, da yadi, da wani zobe mai faranti da ake sawa a gindin yatsan tsakiya, ta cikin tafin hannu. Ba a ɗaure yadin a firam. Allurar ma kusan ba ta motsi: gindinta na jingine da farantin zoben, ke kuma kina lanƙwasa yadin sama da ƙasa kina ɗora shi a bakinta, sai ta ɗauki ɗinki da yawa sannan ki tura ta gaba ɗaya. Bayan kin ja zare sai ki shafe layin da yatsu biyu ya miƙe, in ba haka ba yadin zai tattare. Tsawon ɗinki ɗaya sukan ce ƙwayar shinkafa, tazarar da ke tsakani kuma ta ɗan gaza shi. Inda layuka suka haɗu ba a barin zare ya hau kan zare, tsakiyar a buɗe take zama.

Maganar abu mai rai kuwa kwantar da hankalinki. Zanen sashiko kusan duk lissafi ne. Akwai asanoha, ganyen asa, mai kama da tauraro mai tsini shida, wanda suke sa wa kayan jarirai. Akwai seigaiha, igiyar ruwa. Akwai shippo, da'irori masu sarƙe da juna. Ko a na silikin, furen sakura da gora da itacen fayin (pine) da gajimare sun ishe ki aikin shekaru ba ki taɓa tsuntsu ba.

Tela Ɗan Kwari:

Hajiya, kina Zariya, garin da surfanin aska takwas na babbar riga ke kwana, shi ne za ki tsallake teku neman ɗinki? Wasa nake yi, ilimi duk inda yake a nemo shi.

Ni dai ta fannin yadi zan sa baki. Kada ki ɗauko shadda ko yadi mai roba ki ce za ki gwada a kai, saƙarsu a matse take, da zare mai kauri sai yatsunki sun yi kanta ba ki ci rabin layi ba. Nemi akoko ko alawayyo mai laushi, ki wanke shi sitacin ya fita kafin ki sa masa allura. In shuɗi kike so na asali, ga marinar Ƙofar Mata nan a Kano, tun 1498 ake rini a wurin. Babar da muke rini da ita da ganyen da Japanawa ke amfani da shi ba tsiro ɗaya ba ne, amma shunin da ke fita iri ɗaya ne. Sai dai ki ce kada a kai shi bugu, don bugu na toshe saƙar ya sa masa ƙyalli. Kuma ki yi ta ɗauraye shi har ruwan ya daina zuba, in ba haka ba wankin farko farin zarenki zai koma ruwan bula.

Zare kuma, wanda mata ke saƙa da ƙoshiya, na auduga siriri, zai yi miki a farko. Ki ƙona ɗan bakinsa ki gani: in ya zama toka auduga ce, in ya dunƙule ya yi ƙwallo roba ce, ki ajiye musu abinsu. Alli na tela ko guntun sabulu da ya sirance ya isa ki zana layi a kan shuɗi.

Anti Mai Siliki:

Ƙanwata ta Hirosaki ta yi bayani mai kyau, Allah ya ƙara sani. Amma ban yarda da shawararta ba, kuma zan faɗi dalili.

Maman 'Yan Biyu ba ta ce shuɗin yadi ne ya hana ta barci ba. Ƙyallin siliki ta gani. Sashiko ba matakala ba ce da ake takawa a hau zuwa nihon shishu. Ko kin shekara goma kina sashiko, ranar da kika zauna gaban katakon da ake ɗaura yadin siliki a kai ɗalibar ajin farko ce ke. A sashiko yadi ke motsi allura na tsaye, a siliki yadi a ƙame yake hannaye biyu ke aiki. Hasali ma surfanin da kika saba da ɗinkin hula sun fi kusa da shi, don kin riga kin san cike fili da zare kusa da kusa ba tare da yadi ya leƙo ba.

Ni a Ingila na koya, wajen wata malama da ta bi tsarin Kurenai-kai. Ƙungiya ce da Iwao Saito ya kafa a 1970 a lardin Chiba, kuma a 1989 aka buɗe cibiyarsu a Atlanta ta Amurka, wadda masu koyo da yawa a wajen Japan ta hannunta suke bi. Karatun hawa goma ne, dabarun ɗinki 46. Ba a tsallake hawa. Kowane hawa da zanensa da aka riga aka buga a jikin yadi, ke dai ki ɗinka.

Bari in faɗa miki sirrin ƙyallin nan da ya ɗauke miki hankali. Zaren ba murzajje ba ne. Silikin a baje yake zuwa a jikin ƙwarƙwaro, siraran zaruruwa kwance gefe da gefe. Idan kin soka allura, kafin ki ƙarasa jan zaren sai ki sa wani tsinken ƙarfe mai suna tekobari a ƙarƙashinsa, ki shafe shi sau biyu ko uku har zaruruwan su jeru, ki riƙe shi a ɗame sannan hannun hagu ya ja daga ƙasa. Kowane ɗinki sai an yi masa haka. Zaren da ya kwanta sumul yana mayar da haske ta fuska ɗaya, don haka ganyen da aka ɗinka a karkace dama da wanda aka karkata hagu ba za su taɓa yin launi ɗaya a ido ba, ko daga ƙwarƙwaro ɗaya suka fito.

Inda ake son zare murzajje kuma, ke za ki murza abinki. Ki kafa basilla a jikin katakon, ki rataya silikin, ki raba shi biyu. Rabi ɗaya ki murza shi tsakanin tafukanki, ki kama bakinsa da haƙori, ki murza ɗayan, sannan ki haɗa su ki murza ta ɗaya ɓangaren. Laushin murzar ko tsaurinta ke sauya kamannin ganye. Ranar farko mijina ya shigo ya same ni da zare a baki hannaye sama, ya tsaya a bakin ƙofa yana tambaya ko lafiya.

Zaren zinariya yawanci ba ya ratsa yadi. Takarda ce da aka shafe da zinariya, aka yanka siri-siri aka naɗe a jikin zare. Kwantar da shi ake yi a kai, yawanci biyu-biyu, daga wasu 'yan katakai da ake naɗe shi a jiki, sai a bi da siririn zare ana ɗaure shi. Yadin kuwa sai an ja shi a katako mai kusurwa huɗu, an ɗaure gefensa da zare mai ƙarfi, ya ɗame kamar fatar kalangu. Ɗaura yadin kaɗai darasi ne mai zaman kansa. Idan an gama aiki a shafa sitacin alkama a bayan ɗinkin, a turara shi, a bar shi ya bushe kafin a kwance.

Yanzu ga abin da zai dame ki a gida, don na zo da aikina hutu lokacin hunturu na gani. Silikin nan ba ya son kaushi ko kaɗan. Ɗan faso a bakin yatsa ko ƙumba mai tsini, sai ya kama ya yi gashi-gashi, kuma wanda ya yi gashi ya tafi ke nan. Ga ki mai wanke-wanke da riƙe alli. In kin shafa mai don hannu ya yi laushi, man ya bar tabo a yadi. Abin da nake yi shi ne in murje hannu da sukari da ɗan mai da daddare, da safe in wanke tas da sabulu kafin in zauna. Ƙura kuma sai dai ki rufe duk inda ba kya aiki da farar takarda mara rubutu, ki bar 'yar taga daidai furen da kike ɗinkawa.

Bidiyo kaɗai ba zai yi ba, gaskiya. Ba zai ce miki kin karkata allura ba, ko kin saki tekobari da wuri. Akwai malaman da ke koyarwa ta intanet suna kallon hannunki ta kyamara, wannan da dama-dama. Kuɗi kuma zai ci, katako da allura da zare da yadi duk sai daga waje, ga yadda dala take. Ba zan ɓoye miki ba. Amma in shi ranki ke so, gara ki yi adashi ki saye shi a hankali da ki kama wani abu daban don ya fi araha.

Baƙuwar Hirosaki:

Anti Mai Siliki, na karɓi maganarki cewa ɗaya ba ya kai mutum ga ɗaya. Inda na tsaya shi ne, ta ce abin sauke gajiya take nema bayan ta taso daga makaranta, ga 'yan biyu. Katakon siliki wuri yake ci, ba ya naɗuwa a jefa a jaka, kuma yaro ɗaya mai hannun manja ya isa ya kashe aikin wata shida. Sashiko kuwa a tsakar gida za ta yi shi tana jiran tuwo ya sulala. Matan nan ma da ƙyallen goge kwano suke farawa, farin yadi ninki biyu, kowane gefe wajen santimita 33, in an gama a shiga amfani da shi a kicin. Ba wanda ke rataye shi a bango.

Anti Mai Siliki:

Maganar manja kam ba ni da ta cewa. Ni sai da autana ya shiga sakandare na fara.

Maman 'Yan Biyu:

Kai, Allah ya saka muku da alheri, kun wanke ni tas. Malam Tela, aska takwas aikin maza ne a unguwarmu, ban taɓa samun wanda zai zaunar da ni ya nuna mini ba, in kana da hanya ina so.

Anti Mai Siliki, kin karanta zuciyata, silikin nake so. Amma 'yan biyun nan shekararsu huɗu, jiya ma ɗaya ya zuba mini kunu a kan rajistar aji. Ɗakinmu kuma babu inda zan kafa katako in rufe ƙofa. Don haka zan bi ta 'yar'uwata ta Hirosaki a yanzu, ba don ya kai ni ga wancan ba, don dai hannuna ya samu abin yi. Na silikin na sa shi a lissafin adashin baɗi. Kafin nan akwai abin da zan iya gwadawa da zaren da ke kasuwa, ko don in saba da aiki da hannu biyu?

Sannan 'yar'uwa, na gwada zana igiyar ruwan nan a takarda da murfin kofi, ta fito. Amma ban gane ta inda ake farawa ba. Kowane baka ake ɗinkawa a yanke zare, ko yaya?

Anti Mai Siliki:

Akwai. Ki samu firam ɗin surfaninki na zobe, ki sa kafinta ya yi miki maƙali da zai riƙe shi a bakin tebur, don hannayenki biyu su zama a sake. Dama a sama, hagu a ƙasa, allura ta shiga a miƙe ta fito a miƙe, ba ɗinkin tsinto ba irin wanda muka saba. Hagun zai yi ta lalube yana fitowa inda ba a aike shi ba, ki ƙyale shi, zai koya. Ki sa babbar allura mara tsini a madadin tekobari, ki riƙa jera silin zaren surfani biyu ko uku da ita har su kwanta ba su hau juna ba. Ƙyallin ba zai kai ba, amma hannun zai samu.

Baƙuwar Hirosaki:

A'a Anti, kada ki yanke. Ki bi layi ɗaya daga wannan gefen yadin zuwa wancan, baka na farko ya miƙa ki ga na kusa da shi. Inda layin ya katse, in yadinki ninki biyu ne sai ki zura allurar ta tsakanin ninkin ki ɓullo inda za ki ci gaba, ba abin da zai fito a baya. A wurin lanƙwasa ki rage yawan ɗinkin da kike ɗora wa allura, biyu ko uku sun isa, kuma ki ƙirga na bakan farko ki riƙa maimaita adadin a sauran. Amma da za ki ji tawa, ki ajiye igiyar ruwan tukuna. Ki ja layuka a miƙe da rula, tazarar santimita ɗaya, ki cike ƙyalle guda da su har hannunki ya daina tsinto ɗinki ɗaya-ɗaya. Zoben kuma in ba ki samu ba, ki je wajen baduku ya yanka miki 'yar fata mai kauri, faɗin kwabo, da madaurin da zai zagaye yatsan tsakiya. A nan ma ana sayar da na fata, wasu matan sun fi son sa a kan na ƙarfe.